Hoton Bello a Wayar Mutane

Jandutsi, daren ran kasuwar Jega

Barci ya ƙi zuwa. Yau a kasuwa wani ya nuna mini hoton Bello a wayarsa. Bello dai namu, makiyayin da ke sauke shanunsa a gonata duk kaka, su ci kara su bar mini taki. An ɗauke shi gaban shanunsa da sanda bisa kafaɗa, aka rubuta wai ɗan bindiga ne. Hoton ya zaga Fesbuk, waɗanda ba su taɓa taka ƙasar nan ba suna cewa a gama da irinsu. Dogon hanci da hasken fata kawai suka gani.

Na rubuta cewa ƙarya ce, na san shi. Ba wanda ya kula.

Da la'asar na iske shi a ruga. Wayarsa ba ta hoto, bai kuma yi boko ba. Ya daɗe yana kallon kansa a tawa, har da murmushi.

"Malam, mi suka ce? Sun yaba shanun?"

Na ce dai kasuwa mai zuwa ya zauna gida, ni zan sayo masa kanwa.