Ruwan Toka, Ruwan Hoda

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, uwar 'ya'yana, wadda muryarta ta fiye mini saukar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa,

Sallama irin ta mai laifi, wanda ya iso bakin ƙofa ya kasa ɗaga labule. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu da maigidanta da yaran. Ina fata gwiwar nan ta daina yi miki tsami da safe. Ni dai ga ni nan, ina ci ina sha ba tare da na san me na ci ba, tun ranar da kika ɗauki ƙaramar jakarki kika fita, yau kwana ashirin da uku.

Ya ke ƙamshin ƙasa bayan yayyafi! Ya ke rijiyar da na sha shekara talatin da takwas ban taɓa leƙa zurfinta ba! Wace irin ƙaddara ce za ta sa tsoho mai furfura, wanda ya karanta littattafai har idonsa ya raunana, ya zauna rubuta wa abar ƙaunarsa wasiƙa a kan banɗaki? Samari na rubuta wa 'yan matansu zancen wata da taurari, ni kuwa zancen baho da masai na kawo miki. Ki daure ki karanta. A can na yi ɓarnar, daga can kuma ya kamata in fara.

Kin tuna ranar da muka tare a gidan hayar nan, bayan an karɓe makullin gidan ma'aikata daga hannuna kamar ban taɓa koyar da ɗan kowa ba? Ina ta ƙorafi tun daga mota, ke kuwa kina bin ɗakunan kina cewa ai da sauƙi. Ba ki ce komai a kan ƙanƙantar kicin ba, ba ki ce komai a kan tagar da ba ta rufuwa ba, sai da kika tura ƙofar banɗaki kika kama baki. Baho ruwan hoda, wurin wanke hannu kore, masai shuɗi, tayil ɗin da ya kai ƙirji ruwan ƙasa. Kika ce, "Malam, waɗannan ai 'yan haya huɗu ne da ba sa ga maciji da juna, aka kulle su a ɗaki ɗaya." Na yi dariya don kin yi. Na ce lallai kam, abin ya yi muni.

Mai gidan ya ce ba za a taɓa masa baho ko tayil ba, amma bangon sama mu shafa masa fentin da muke so, in dai ba na hauka ba ne. Mako guda kika yi kina shiga da faranti, da ɗankwali, da murfin kwano, kina kara su a bango, kina ja da baya kina karkata kai. Daga ƙarshe kika ce ruwan madara. Kika ce shi ne zai shiga tsakani ya raba faɗan, don ba ya goyon bayan kowa. Har yau ban ji wani malami ya yi bayanin launi da ya kai wannan ba. Amma me na yi? Na gyara zaman tabarau na yi miki lacca. Na ce ruwan madara fentin asibiti ne, ruwan toka shi ne launin mutanen da suka san abin da suke yi. Ba ki yi musu ba. Kika ce to, mu je tare mu saya. Na ce ba sai an raka ni sayen gwangwanin fenti ba.

Kaico, da na bari kin raka ni!

A kantin, gwangwanayen ba su da komai a jiki sai lamba da ɗigon launi a kan murfi. Na nuna wanda na ga ya fi kama da toka. Mai kantin ya dube ni ya ce, "Baba, na ɗakin jikarka ne?" Na ce masa ya yi aikinsa ya bar mini nawa. Ranar da kika je dubo ƙanwarki na hau kujera na shafe bangon nan da hannuna, shafi biyu, ina huci ina jin daɗin kaina. Kika dawo da la'asar, matar mai gidan na biye da ke don ta ga aiki. Kika buɗe ƙofa, sai dariya ta ƙwace miki har kika dafa bango fenti ya taɓa miki hannu. Kika ce, "Malam, alewa muka fara sayarwa?" Matar mai gidan ta sa mayafi ta toshe baki. Daga bakinta na ji cewa bangon ruwan hoda ne, mai ƙarfin gaske, ya fi na bahon ihu.

Sai na faɗi abin da na faɗa. Zan rubuta shi a nan da hannuna don kada ki zaci na manta, ko na rage masa nauyi. Na ce ke da ko sunanki sai da na koya miki rubutawa, me kika sani game da launi. A gaban baƙuwa na faɗa. Na ga kin buɗe baki, na ga maganar ta zo har leɓenki, na ga kin haɗiye ta. Kika je kika wanke hannu, kika sa mini abinci kamar kullum. Washegari da hantsi kika tafi.

Hasken raina, ga abin da kika haɗiye, bari in furta shi da kaina: ba na ganin launi yadda mutane ke gani. Shuɗi na san shi, rawaya na san ta, fari da baƙi ba sa ɓace mini. Amma ja da kore da ruwan ƙasa 'yan ɗaki ɗaya ne a idona, ruwan hoda da ruwan toka kuwa tagwaye ne. Banɗakin da kika ce ana faɗa a cikinsa, ni lafiya lau na gan shi, in ban da shuɗin masai. Sunayen launuka haddace su na yi kamar yadda yaro ke haddace karatun da bai gane ba.

Akwai kuma wadda ta fi wannan. Kin san labarin da na ba ki tun muna saurayi da budurwa, wanda na ba 'ya'yanmu, na ba duk baƙon da ya zauna a tabarmata fiye da rabin awa: wai na ci jarrabawar makarantar koyon tuƙin jirgin sama da maki mafi yawa, aka cire sunana aka sa na ɗan wani babba. Jarrabawar na ci, wannan gaskiya ne. Amma babu wani ɗan babba. Likita ne ya buɗe mini wani littafi mai cike da ɗige-ɗige ya ce in karanta lambar da ke ciki. Na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba sai ɗige-ɗige. Ya buɗe wani shafin, haka. Ya rufe littafin ya ce in yi haƙuri. Ina da shekara ashirin da biyu, duk unguwa ta san zan tashi sama, mahaifiyata har ta fara ɗaga kai in ta ji ƙarar jirgi. Kafin in isa gida na ƙirƙiro yaron nan da ubansa. Shekara arba'in da ɗaya ina zaginsu. Na tsine wa ƙasa da masu mulkinta, na tsine wa zamani, na sa wa ɗalibai da yawa ɗaci a rai ina gaya musu ƙoƙari ba ya kai talaka ko'ina. An zalunce ni a wasu wuraren, ban janye wannan ba, duniyar nan ba ta da kirki kuma ban ga ranar da za ta yi ba. Amma babbar ƙarar da na shigar a kanta ta ƙarya ce, ke kuma kika zauna kina sauraron shari'ar safe da yamma, kina zuba mini ruwa a kofi.

Na zaci na ɓoye miki. Wallahi haka na zata, har kwana biyar da tafiyarki.

Ran nan na sa kaya da kaina na je wurin mai aski. Yana ganina ya ajiye almakashi ya ce, "A'a, Malam, yau bakan gizo ne ya sauko aski?" Na dawo gida a fusace na fizge hular zan jefar, sai yatsana ya ji wani abu a cikin bakinta. Ƙulli ne na zare, ƙanana, guda uku a jere. Na ɗauko wata, biyu. Wata, biyar. Na buɗe akwatin riguna na shafa cikin wuyan kowace, ga su nan: mai uku, mai biyu, mai biyar. Na jera su a kan gado, kowace hula da rigarta, na zauna a ƙasa ina kallonsu. Sai na tuno makon da za a yi miki aiki a asibiti, shekara tara ke nan, lokacin da likita ya ƙi kallon idona. Kina zaune da hulunana duka a cinya, da allura, ina yi miki faɗa wai mai shirin shiga ɗakin tiyata ba ta da abin yi sai ɗinki. Kika ce, "In ka rasa wadda za ka sa, ka shafa cikinta." Ban ko tambaye ki me kike nufi ba. Ashe shirin mutuwa kike yi, kuma abin da ya dame ki a cikin shirin shi ne kada a yi wa mijinki dariya a titi. Har hular da 'yarmu ta kawo mini bara tana da ƙullinta.

Tun yaushe kika sani, ya ke mai zurfin ciki kamar kogi a damina? Tun ranar farko? Ranar da na tsaya a bayanki a tashar mota, na ce sannu mai koren mayafi, kika waiga hagu kika waiga dama kina neman wadda ake nufi, sannan kika dubi jan mayafinki kika fashe da dariya? Kin ce a ranar kika so ni, wai kin ga mai barkwanci. Na karɓi yabon na sa aljihu. Ko kuwa daga baya ne, da na riƙa kawo miki ɗanyen tumatir ina rantsuwa nunanne ne, kina karɓa kina cewa ai zai nuna a gida? Sau nawa kika tare ni a bakin ƙofa kika ce wannan hular ta yi datti, ga wata? Sau nawa kika riga ni magana a gaban mutane, kika ce kai wannan jar motar ta yi kyau, don kawai in san me zan ce? Kin zama idona ba tare da kin bari na san ana yi mini jagora ba. Ni kuma na dubi wannan idon, a gaban baƙuwa, na ce bai san launi ba.

Ina zan sa fuskata? Wace ƙasa ce za ta tsage in shige? Da a ce kin rama, da kin ce Malam kai da ba ka bambance ja da kore, da na ji zafi kwana biyu na warke. Amma kika rufa mini asiri a daidai lokacin da nake tona miki naki. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni.

Ga abin da na yi, ba don ya isa ba. Na je na sami matar mai gidan a gaban mijinta na ce maganar da na faɗa ta banza ce, kuma matata ta fi ni sani nesa ba kusa ba. Na kankare bangon nan da hannuna, kwana huɗu, har kafaɗata ta ƙi ɗaguwa, na shafa masa farin share fage. Jiya kuma na koma kantin. Na tsaya a gaban mai fentin, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa mahaluƙi ba tun daga ɗakin likitan nan mai littafin ɗige-ɗige. Na ce masa ba na ganin launi. Na jira rufin kantin ya faɗo. Ko ɗago kai bai yi daga gwangwanin da yake buɗewa ba, ya ce, "To Baba, ai sai ka zo da mai gani." Shi ke nan. Abin da na yi wa gadi tun ina saurayi, na sayar da walwalar gidana don in tsare shi, bai kai a ɗago kai a dube shi ba.

Na ce ya ba ni ruwan madara kawai in tafi. Ya ce kala bakwai gare shi na ruwan madara, wanne? Na fito hannu rabbana.

Saboda haka nake roƙonki, ya ke bishiyar da na jingina da ita ina zagin rana. Ban ce ki yafe ba, ban kai matsayin neman wannan a takarda ba, sai na durƙusa a gabanki. Ban ce zan zama mutum mai fara'a ba, kin san itacen da ya tsufa a karkace. Abin da zan iya alkawari shi ne zan tara 'ya'yanmu in gaya musu gaskiyar littafin ɗige-ɗigen nan da bakina, kuma duk abin da ban gani ba zan ce ban gani ba, in tambaye ki. Ki zo ranar Alhamis da hantsi. Zan tsaya a ƙofar kantin tun buɗewarsa. Ki nuna gwangwanin da yatsanki, in ɗauka in biyo ki a baya.

Mai gidan ya ce yana so a gama bangon kafin ƙarshen wata. In ba ki zo ba, haka zai zauna fari. Zan ce masa matata ba ta zaɓa ba tukuna. In ya dawo wata mai zuwa haka zan ce masa, da wanda ke bin sa, har ranar da za a fitar da ni daga gidan nan, a ƙafa ko a kafaɗa.

Naki ne ni tun ina da baƙin gashi, naki ne yau da kunya ta sunkuyar da ni, ba kuma zan zama na kowa ba har numfashina ya ƙare.

Mijinki, mai jiran Alhamis.