Karen Sin a Gidan Bature

Ikko, 1924

Zuwa ga Kawu Haladu a Gagarawa. Bayan gaisuwa, ya gida, ya jikin Inna?

Ina lafiya, aikin kuku ba laifi, sai dai har karen Bature nake yi wa wanka. Kawu, ɗan guntu ne, fuska a yamutse, hanci a lotse, wutsiya a naɗe. Na ɗauka ƙofa ce ta buge shi, har na shafa masa man shanu. Ashe halittarsa ce! Wai kakanninsa a fadar sarakunan Sin suka tashi, fatake suka kai su Turai. Ba farauta, ba gadi, sai minshari.

Ina wanke hannuna sau bakwai, kada ka damu. Amma duk garin nan shi kaɗai ke murnar ganina.

Kada Inna ta ji.

Ɗanka, Cindo