Ƙirjin Ukasha da Ragon Baba

Zuwa ga Ukasha, kukar bakin dam ɗin Kazaure, bajimin da ƙofar zaure ke yi wa kaɗan, ruwan randar ƙasa a maƙogwaron mai azumi. Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwa mai nauyin ƙarafan da kake ɗagawa, daga garin Gwiwa, daga wadda kewarka ta hana ta jin daɗin fura.

Masoyina, hotunan da kake turo mini a waya suna isowa lafiya. Damtse kamar turmi, kafaɗu kamar duwatsun garinku, singileti tana neman agaji. Wace mace ce za ta ga wannan ta ƙi gode wa Allah? Sai dai, hasken idona, me ya sa kowane hoto yake tsayawa a ƙugu? Wane laifi ƙafafunka suka yi maka? Ai na san su: sillen kara biyu ɗauke da rumbu.

Ka tuna ranar kasuwarmu da ka zo gaida Baba? Kai kaɗai ka sauke buhu shida na gero daga amalanke, ko nishi ba ka yi ba. Baba ya ce, "Wannan yaro da ƙarfe aka ƙera shi." Ina leƙe ta jikin zana, zuciyata na narkewa kamar man shanu a rana. Sai ragon Baba ya tsinke igiya. Ka miƙe ka ce, "Baba, ku yi zamanku, yanzu zan kawo shi." Wayyo, barewata, ka tashi da kyau. Amma ko famfon bayan masallaci ba ka kai ba ka rungume darbejiya, kana haki kamar zugazugin maƙeri. Kawu Na'Allah, yayan Inna, mai shekara sittin da biyar, wanda ya tsufa a bayan shanu, ya zo ya wuce ka da sassarfa, sanda a wuya, ya ce maka, "Sannu da hutawa, samari." Ya dawo da ragon kana nan riƙe da bishiya. Har yau in rago ya yi kuka a gidanmu, ni mata suke kallo.

Na yi dariya a ranar, ba zan ɓoye maka ba. Da na shiga ɗaki kuma hawaye ne suka zo, don na tuna bara a Dutse, wajen gwajin shiga aikin ɗamara. Duk abin da ake yi da hannu ka fi kowa. Aka ce a zagaya fili sau takwas, ka zauna a na huɗu. Ka ce mini zazzaɓi ne, na yarda don ina son ka. Yanzu saura mako bakwai a sake kiranku, kuma ka san maganar Baba: ranar da ka riƙe takardar aiki, ranar za a sa mana rana. Sau biyu ya faɗa. Ba ya faɗar magana sau uku.

Ban ce ka bar ƙarfe ba, sanyin zuciyata. Kawun da ya kunyata ka zai taka har Roni ya dawo, amma in ya ɗaga buhu ɗaya sai ya kwana uku ana gasa masa baya. Shi ma rabin mutum ne, kamar kai. Ni cikakke nake so. Ka raba makonka: kwana uku ga ƙarfe, ɗaya a ciki ka ba marayun ƙafafun nan haƙƙinsu. Kwana uku kuma, da an idar da sallar asuba, ka kama hanyar Roni da sassarfa, a hankali yadda za ka iya amsa gaisuwa kana tafe, kowane mako ka ƙara kaɗan. Juma'a ka huta, jiki ma yana son hutu. Na san Zaharadeen, mai gidan ɗaga ƙarfenku, ya ce muku gudu yana zaftare ƙwanji. Ka tambaye shi yaushe rabon da ya hau bene bai tsaya a tsakiya yana duba waya ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, Ukasha, ba a taɓa cin sa da madubi ba.

Ya tauraron asubata, don me zan so ƙirji mai faɗin tabarma in numfashin ciki bai kai na ɗan tsako ba? Ina so ka kai zagaye na takwas a tsaye, ka zo gidanmu da takarda a hannu, ka durƙusa gaban Baba don ladabi, ba don ƙafa ta gaza ba.

In ka ci, ni taka ce. In ka faɗi, wallahi ni taka ce, sai dai zan ci gaba da faɗa maka gaskiya har haƙoranmu su zube.

Taka har ranar da za a rufe ni da ƙasa, wadda ba ta gaji da jira ba tukuna,
Halima Sa'adiyya