Hannun da Bai Ɗagu Ba

Zongo, Kwatano, Afrilu 1991

Zuwa ga Yaya Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan ka isa Kano lafiya.

Wai Yaya, wannan wane irin zuwa ne? Tun da ka tsere lokacin yajin ɗaliban jami'a na Abomey-Calavi muke zuba ido. Yanzu ƙasa ta lafa, an yi zaɓe, 'ya'yan mutane suna ta dawowa gida, kai kuma ka kwana ɗaya, da safe ka hau zemijan, babur ɗin haya, ko sallama babu. Inna ta je kasuwar Dantokpa takanas ta sayo maka kifi, ta iske ɗaki wayam. Har yau ba ta bari a naɗe tabarmarka ba. Ni ma ina kewarka, duk da ba ka cancanta ba. Me muka yi maka?

Ƙanwarka,
Labiba

Kano, Mayu 1991

Labiba,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna da kowa da kowa.

Ba ku yi mini komai ba. Kin san Baba ya hana ni shiga yajin nan, na ƙi ji. Da na isa gida, na same shi a zaure, na durƙusa na nemi gafara. Kin san al'adarsa tun muna yara: in ya yafe, sai ya dafa kan mutum. Bai dafa ba. Ya zuba mini ido ko ƙiftawa babu, fuskar nan ba alamar rahama, hannunsa yana karkarwa a kan cinyarsa don tsabar fushi. Ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa, ban ji ba, ban kuma iya tambaya ba. Sai na tashi.

Wallahi kullum zuciyata tana Zongo. Ko kiran salla na ji a nan, muryar ladanmu nake nema. Amma ba zan iya sake tsayawa gaban wannan kallon ba.

Ki huta lafiya,
Sirajuddeen

Zongo, Yuli 1991

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kai dai boko bai raba ka da wauta ba, amma mu ma mun tafka tamu.

Bayan tafiyarka, wata Juma'a Baba ya tsaya cak a ƙofar masallaci, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, mutane suna ratse shi. Inna ta rantse abokan kasuwancinsa 'yan layin atamfa ne suka kafe shi saboda hassada. Ba rubutun da bai sha ba, hayaƙi kuwa har ya ishi maƙwabta. Sai Mamata, maƙwabciyarmu mai aikin jinya, ta ja mu asibiti da ƙyar.

Likitan ya ce can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi-curi da ke ba motsi izinin farawa, su kuma tare wanda ba a so, kamar mai gadin ƙofar kasuwa. Sinadarin da suke aiki da shi ne ya ragu a jikin Baba. Hankalinsa garau, niyyarsa tana nan, izinin ne ke makara. Shi ya sa fuskarsa ta daskare, muryarsa ta yi ƙasa, hannun kuma yake rawa in yana zaune. Cutar Parkinson ake ce mata. Magani yana sassautawa amma ba ya warkarwa, kuma maganarsa kullum ƙara raguwa take.

Na karanta masa wasiƙarka. Hawaye ya riƙa zuba, fuskar tana nan yadda ka bar ta. Ni ma na yi kuka har na gaji. Ya ce in rubuta abin da zai faɗa, na kara kunnena a bakinsa. Ga shi nan a ƙasa, ban ƙara ko kalma ba.

Taka,
Labiba

Siraju ɗana,

Salamu alaikum. Ranar nan abin da na ce shi ne, na yafe maka duniya da lahira. Ina cikin ɗaga hannu ka tashi.

Ka dawo gida. In ka durƙusa, ka yi haƙuri ka daɗe. Hannun yana zuwa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Abdoulaye