Na Kafa Injin Katako a Tsakar Gida, Matata Ta Tafi Da Ɗiyarmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka rufa min asiri ka cire sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, kwana tara ke nan abinci ba ya wuce min wuya.

Ni kafinta ne a Anka, a zauren gidana nake aiki, ƙofofi, gadaje, bencin makaranta. Injin yanka katako ɗaya gare ni, ƙarami ne kuma ya tsufa, in na sa mai katako mai kauri sai ya yi zafi ya tsaya, ga sauya zarto kullum, na tsagawa daban na gyaran baki daban, rabin yini ya tafi a kwancewa da ɗaurewa. Sai wani abokina a Gummi ya ce zai sayar da nasa babba, na sayar da babur ɗina na ɗauko shi. Ku ji wauta, kafinta guda da tef ɗin awo a aljihu amma ban auna zauren ba. Injin ya shiga, sai dai babu inda dogon katako zai wuce. Waje kuwa ba a barin kaya a garin nan, sai na kafa shi ƙarƙashin rumfa a tsakar gida.

Ranar da na tayar da shi, dusar katako ta hau ko'ina, murfin randa, faifai, har tabarmar da autarmu ke rarrafe. Matata ta sure yarinyar ta yi ta wanke mata hannu, ta wanke ta sake wankewa. Ta ce in fitar da shi yau ɗin nan. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce da shi za a ci tuwo a gidan, kuma katako ne ba guba ba, ta daina haukan banza. Wallahi na faɗa, kuma na yi nadama.

Ta dube ni ta ce, "Wancan karon ma ce min ka yi ƙura ce kawai."

Mu mutanen Yargalma ne. Shekarar gubar dalma muka rasa ɗanmu na fari, bai cika shekara uku ba. Dutsen zinariyar da aka riƙa dakawa a tsakar gidanmu lokacin, ni na kawo shi da hannuna, ita ta yi ta shara yaron yana wasa a cikin ƙurar. Duk shekarun nan ba ta taɓa goranta min ba ko sau ɗaya, sai ranar.

Washegari ta goya yarinyar ta hau mashin ta tafi Adabka wajen Innarta, a wannan hanyar da ko maza ke jin tsoro. Na je asibiti na tambayi wani ma'aikaci, ya ce dusar katako ba dalma ba ce, amma tana lahanta ƙirjin ƙaramin yaro. Wato ita ce da gaskiya ma.

Na aika ƙanena ya ce mata zan kewaye rumfar da kwanon rufi, ta ce a'a. Na ce zan sayar da injin, duk da aikin benci da na karɓa ba zai yiwu da ƙaramin ba. Innarta ta aiko min cewa ɗiyarta ba ta neman saki, kuma ba maganar inji take yi ba yanzu, cewa take yi mutumin da ya binne yaro da hannunsa ya manta.

Ban manta ba jama'a, Allah shi ne shaidata. Kawai ban taɓa iya yin maganar yaron da ita ba, ko sunansa ba na iya kira a gabanta. Injin zan iya fitarwa gobe da safe. Amma in na isa Adabka na durƙusa gabanta, mi zan ce mata? Iyaye mata da ke cikin gidan nan, ku faɗa min ta ina zan fara.