Jinjar da Koci Ya Nema

Daren Laraba, Tudun Wada

Yau dai na rama, alhamdu lillahi. Shekaranjiya bayan atisaye koci ya ce duk wanda ya zo da jinja yau, shi zai ba riga mai lamba tara. Na gyaɗa kai kamar na gane, don Isiyaku na gefena, shi ma rigar yake so, kuma kullum gorinsa ɗaya ne, wai ban yi boko ba.

Na wuce Kwangila wurin Emeka mai gyaran waya, na tambaye shi. Ya ce a littafi jinja citta ce, amma a bakin 'yan ƙwallo zumuɗi ake nufi, mutum ya shiga fili jikinsa na rawa. To ai ni da wannan aka haife ni.

Da na haɗu da Isiyaku sai na marairaice. "Ɗan boko, don Allah mece ce jinja?" Ya ce, "Citta mana, jahili!" Na ce ai kuwa na ji koci na fama da mura.

Yau ya iso fili da ƙullin citta a leda, har da kanumfari, ya miƙa wa koci da hannu bibbiyu. Koci ya leƙa ledar, ya kalle shi, ya zauna a ƙasa don dariya. Ni kuwa na zura ƙwallo biyu a raga kafin magariba.

Ga rigar can a kan igiya tana bushewa. Na ɗan ji tausayinsa da aka fara kiransa Mai Citta, amma ni na raɗa masa sunan, kuma gobe da shi zan gaishe shi.