Faya-fayan da Kika Bar Mini

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya zaman Zariya? Malama Rabi mai koya mana wasanni ta ce za ta manna wannan wasiƙa a allon makaranta, don haka da kunya nake rubuta ta.

Na koma wasan faifai. Hannuna da ya karye bara ya warke. Kwandunan nan tara suna nan rataye a itatuwan dogonyaro, kuma dokar ba ta canza ba: wadda ta zagaye su da jifa mafi ƙaranci ita ta ci. Malama ta ce mutum uku za ta zaɓa su tsaya wa makarantarmu a Argungu. Tun daga ranar na ƙwallafa rai a kan wurin nan, don naki ne a da.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara biyu muna wasa tare, ban taɓa zaɓen faifai da kaina ba. Ke kike miƙo mini, ni kuma in jefa.

Da na je gida Gwadangaji na buɗe jakarki, faifai huɗu na tarar maimakon biyar, rubutun jikinsu duk ya goge. Na rasa wanne ne na nesa, wanne ne na kusa. Sai na tuna yadda kike shafa bakin faifai da babban yatsa kina cewa, “Ki daina kallon launi, Safiya, ki ji bakinsa.” Na rufe ido na shafa. Jan da shuɗin bakinsu siriri ne, su ne masu keta iska. Farin bakinsa kauri gare shi kamar na tasa, na gindin kwando ne. Ruwan ɗorawan yana tsakani.

Na biyar ɗin, koren da kika fi so, a kan akushin Kaka na same shi. Wata huɗu tana rufe tuwo da shi! Ta ce, “Wanga hwaihwan roba ya hi na kaba, ƙuda ba su shiga.” Sai da na kawo mata murfin kwanon Inna ta sake shi. Zafin tuwo ya ɗan lanƙwasa gefensa, har yau yana ƙamshin miyar kuka.

Ranar zaɓe, a kwando na bakwai, wanda itace ya tare, na tsaya da jaka a hannu, kowa na kallona. Na waiwaya hagu, inda kike tsayawa. Babu kowa. Na ɗauko koren, don kwana uku ina gwada shi a bayan aji, na san yanzu yana karkata dama. Ya zagaya itacen ya faɗi taku biyu daga kwando. Ni ce ta uku, da jifa ɗaya tak na wuce ta huɗu.

Yaya, da niyyata in roƙe ki ki rubuto mini aikin kowane faifai kafin mu tafi Argungu. Na fasa. Ki rubuto mini dai ko kina cin abinci sosai, da ranar da za ki zo. Gefen hagun nan ya yi mini faɗi.

Allah ya ba ki sa’ar jarrabawa, ya tsare ki, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ƙanwarki mai kewarki,
Safiya